Me Eksire, CT, Sikanin da MRI Suke Aunawa a Jikin Mutum?

Mutum zai faɗi ya bugu a gwiwa, a ɗauki eksire a ce ba a ga komai ba, bayan mako biyu a yi MRI a tarar jijiyar da ke riƙe gwiwar ta tsinke. Nan take sai a fara zargin na'urar farko, ko wanda ya ɗauki hoton. Galibi kuwa babu laifin kowa. Kowace na'ura abu guda take aunawa a jiki, sannan ta mayar da awon fari da baƙi. Wanda ya san abin da ake aunawa, tun kafin a danna maɓalli zai iya faɗin abin da zai fito a hoto da wanda ba zai fito ba ko da an ɗauka sau goma.

Eksire inuwa ce. Tun ranar 8 ga Nuwamba 1895 da Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske a Würzburg ta ƙasar Jamus, tushen aikin bai sauya ba. Zuciyar na'urar yau kwalba ce da aka zuƙe wa iska ƙaf. A gefe guda akwai siririn zaren tangistan, irin na tsohon ƙwan lantarki, wanda in ya yi zafi yake sakin ilektiron. A ɗaya gefen akwai faifan ƙarfe, shi ma fuskarsa tangistan ce. Sai a sa lantarki mai ƙarfin kilobolt 25 zuwa 150 tsakaninsu, ilektiron su kwasa a guje su daki faifan. Tsayawar da suke yi farat ɗaya ita ke haifar da hasken. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kusan kashi 99 cikin 100 na wannan ƙarfi zafi yake komawa, kashi ɗaya kacal ne ke zama eksire. Shi ya sa aka zaɓi tangistan, wanda sai zafi ya haura digiri 3,400 yake narkewa, kuma shi ya sa faifan yake juyawa sau 3,000 ko fiye a minti, don kada dukan ya taru wuri ɗaya. Ƙugin da ake ji kafin a ɗauki hoto, faifan ne ke ɗaukar gudu. In aka buga wa kwalba mai sanyi babban lodi ba tare da an ɗumama ta ba, faifan na iya tsagewa, ga kuma kwalbar da tsadar gaske.

Abu biyu ma'aikaci yake saitawa. Na farko kV, kilobolt ɗin nan, wato ƙarfin kowace ƙwayar haske da yadda za ta iya keta jiki. Na biyu mAs, wato yawan ƙwayoyin da za a saki. Hannu ana ɗaukarsa da kV 50 zuwa 60, ƙirjin babba da 110 zuwa 125, nono kuma da 25 zuwa 32. Wannan bambanci ba son rai ba ne, ya samo asali daga hanyoyi biyu da haske ke bi in ya shiga nama.

Hanya ta farko, atam ya haɗiye ƙwayar hasken ɗungurungum. Yiwuwar hakan tana ƙaruwa ƙwarai da lambar atam, wato yawan ilektiron da ke cikinsa: in lambar ta ninka biyu, haɗiyar na ninka kusan takwas. Tsoka matsakaiciyar lambarta kimanin 7.4 ce, ƙashi kuwa kusan 13.8 saboda kalsiyam da ke cikinsa, don haka ƙashi ya fi tsoka haɗiya kusan sau shida, ga shi kuma ya fi ta nauyi. Farin da ake gani a hoto ke nan, wurin da haske bai isa farantin da ke karɓar hoto ba. Aidin da ake yi wa mara lafiya allurarsa lambarsa 53, bariyam da ake sha 56, dalmar da ke cikin rigar kariya 82. Amma wannan haɗiya tana raguwa da sauri in aka ƙara kV. To ka ga dalilin ɗaukar ƙirji da kV mai yawa: ana so haƙarƙari su yi shara-shara a hango huhun da ke bayansu. A nono kuwa bambancin nama da nama ɗan ƙanƙani ne, dole a sauke kV ƙasa don ya fito.

Jijiyar gwiwa, da tsoka, da guringuntsi, da jini, da ruwa, dukkansu lambarsu da nauyinsu kusan ɗaya ne. A wurin eksire abu guda ne. Iska, kitse, nama, ƙashi, ƙarfe: iyakar abin da take iya rarrabewa ke nan.

Hanya ta biyu ita ce mai ɓata aiki. Ƙwayar haske takan bugi ilektiron ta karkace, ta ci gaba da tafiya ta wata fuskar. In ta faɗa kan faranti, ta faɗa inda ba wurinta ba, hoton ya yi hazo. Gwargwadon kaurin jiki da faɗin wurin da aka haska, gwargwadon wannan watsuwa. Magani biyu ne. A matse hasken ya tsaya iya wurin da ake buƙata, wanda shi ne mafi sauƙi kuma shi aka fi sakaci da shi. Sannan a sa raga mai siraran layukan dalma tsakanin mara lafiya da faranti, ta tare duk hasken da ya zo a karkace. Ragar na cin wani ɓangare na hasken kirki ma, don haka sai an ƙara mAs, shi ya sa ba a sa ta ga jarirai ko ga hannu da ƙafa. In aka ɗora ta a kife ko a karkace, gefunan hoton za su dushe. Wannan watsattsen haske shi ne kuma ke samun ma'aikatan da ke tsaye a ɗakin, kuma kariyar da ta fi araha ita ce ja da baya: nisa in ya ninka biyu, abin da ke isa gare ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Tunda inuwa ce, girmanta ya danganta da inda abu yake. Ana ɗaukar ƙirji daga nisan santimita 180, mutum ya manna gabansa da faranti haske ya shigo ta baya, don zuciya ta kusanci farantin. In aka ɗauka a kan gado daga gaba, kuma daga kusa, zuciyar za ta fito kamar ta kumbura alhali lafiyarta ƙalau. Haka nan karaya na iya ɓuya a hoto ɗaya, dole sai an ɗauka ta fuska biyu.

Akwai wata matsala da na'urorin zamani suka zo da ita, wadda ta cancanci a riƙa faɗa. A zamanin fim, in haske ya yi yawa fim ɗin baƙi ƙirin yake fitowa, kowa ya ga kuskure. Faranti mai haɗe da kwamfuta kuwa gyara hoton yake yi da kansa: in haske ya yi kaɗan hoton ya yi tsaki-tsaki a ƙi karɓarsa, in ya yi yawa ya fito tas a yaba. A hankali sai hannu ya saba da ƙarawa, mara lafiya na shan hasken da ba ya buƙata ba wanda ya lura. Lambar da na'ura ke nunawa bayan kowane hoto, mai faɗin yawan hasken da ya isa faranti, an sa ta ne don a duba.

CT ta zo ne don ta raba abubuwan da inuwa ke tarawa wuri ɗaya. Kwalba da jerin na'urorin karɓa suna zagaye mutum, zagaye ɗaya cikin ƙasa da rabin sakan, ana auna hasken da ya wuce ta ɗaruruwan kusurwoyi. Daga waɗannan awo kwamfuta ke lissafa yawan hasken da kowane ɗan gurbi na jiki ya tare, yawanci gurabe 512 a tsaye 512 a kwance a kowane yanki. Lissafin ya girmi na'urar, domin Johann Radon ya shimfiɗa shi tun 1917. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera na'urar da aka fara ɗaukar kan mara lafiya da ita a Landan a 1971, kuma a 1979 ya raba kyautar Nobel da Allan Cormack.

Kowane gurbi lamba yake samu a ma'aunin Hounsfield. Ruwa 0 ne, iska -1000, kitse wajen -100, yawancin nama 30 zuwa 60, jinin da ya daskare 50 zuwa 80, ƙashi mai tauri 1000 ko sama. Lambobin sun fi 2,000, ido kuwa ba ya iya rarrabe launin toka sai 'yan gomomi. Don haka mai karatu yakan zaɓi ɗan zango ya shimfiɗa shi daga baƙi zuwa fari. Ga ƙwaƙwalwa, daga 0 zuwa 80, a nan ne zubar jini ke fitowa fari fat. Ga huhu, zango mai faɗin 1,500 da tsakiyarsa a -600. Hoto ɗaya ne, amma ɗan siririn jinin da ya kwanta a jikin ƙoƙon kai na iya sajewa da ƙashi in zangon ya yi ƙunci, sai an buɗe shi ake ganinsa. Toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa kuwa, a sa'o'in farko tana iya ƙin fitowa sam, domin naman da ya rasa jini lambarsa 'yar kaɗan take sauka. Abin da CT ke yi a wannan lokaci shi ne tabbatar da cewa ba zubar jini ba ce.

Tsaki-tsakin hoton CT yana da doka mai tsauri: in kana so ya ragu da rabi, sai ka ninka haske sau huɗu. Yanki in ya ƙara sirantaka, ƙwayoyin hasken da ke cikinsa sun ragu, tsakin ya ƙaru. Hoton ƙirji na eksire bai cika wuce milisibat 0.1 ba (milisibat shi ne ma'aunin hasken da jiki ya sha), CT na kai kimanin 2 ne, na ciki 8 zuwa 10, alhali abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama a shekara, a matsakaicin duniya, kimanin 2.4 ne. Wannan ba dalilin gudun CT ba ne in ana buƙatarta, dalili ne na kada a ɗauki yaro da saitin babba, kuma kada a maimaita hoton da aka riga aka yi jiya a wani wuri. Tabon ƙarya ma ba a rasa shi: ƙarfen haƙori ko na ƙugu yakan watsa layuka farare da baƙaƙe, ƙashi mai kauri a gindin kai yakan tace raunanan ƙwayoyin haske ya bar baƙin zane a tsakani, na'urar karɓa guda in ta kauce daga saiti sai zobe ya fito a kowane yanki.

Akwai kuma inda ake juya lamarin, hasken ya fito daga cikin jiki. Ana yin allurar sinadari mai fitar da haske a bi inda ya taru. Teknishiyam-99m, ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, rabinsa ke ƙarewa duk awa 6, bayan kwana ɗaya saura kashi ɗaya cikin 16. A irin hoton da ake kira PET ana amfani da sukari mai ɗauke da fuloorin-18, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin minti 110. Yana sakin fozitiron, wato kishiyar ilektiron, ya haɗu da ilektiron su shafe juna, ƙwayoyin haske biyu su fita ɗaya gabas ɗaya yamma, na'ura ta ja layi tsakanin inda suka sauka. Hoton yana nuna inda ake cin sukari ne, ba siffar gaɓa ba, shi ya sa ake azumin awa 4 zuwa 6, a kwanta shiru kusan awa guda bayan allura. Tsokar da ta sha aiki, ko ƙurji, suna iya haskawa kamar sankara.

Sikanin ba ruwansa da wannan haske, sauti ne. A bakin abin da ake gogawa a jiki akwai jerin ƙananan duwatsu da ke girgiza in lantarki ya taɓa su, su kuma ba da lantarki in sauti ya girgiza su, halin da 'yan'uwa biyu Jacques da Pierre Curie suka gano a 1880. Ana sakin ɗan guntun sauti mai kaɗawa sau miliyan 2 zuwa 18 a sakan, sannan a yi shiru ana jiran amsa-kuwwa. Na'urar ta ɗauka cewa sauti na tafiyar mita 1,540 a sakan a ko'ina cikin jiki, don haka duk maikirosakan 13 na jira (maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan) daidai yake da zurfin santimita ɗaya. Zurfin santimita 15 na cin kusan maikirosakan 200 a kowane layi, in hoto na da layi 200, hotuna 25 ke nan a sakan. In ka ƙara zurfi fiye da bukata, ka rage wa kanka gudun hoto a banza.

Amsar na dawowa ne daga iyakar da nama biyu mabambanta suka haɗu. Tsakanin nama da nama ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 ne ke dawowa, sauran ya wuce gaba, shi ya sa ake iya ganin abu bayan abu. Tsakanin nama da iska kuwa kusan kashi 99.9 ke dawowa. Aikin jel ɗin da ake shafawa ke nan, korar iskar da ke tsakanin na'ura da fata. Iskar hanji ma haka take toshe abin da ke bayanta, ƙashi kuma ya mayar da wani ya haɗiye saura.

Zaɓin yawan kaɗawa ciniki ne. A miliyan 10, tsawon igiyar sautin kusan milimita 0.15 ne, hoto ya fito dalla-dalla. A miliyan 3.5 kusan 0.44 ne. Amma nama na cin sauti gwargwadon kaɗawarsa, kimanin rabin desibel, ma'aunin ƙarfin sauti, a kowace santimita ga kowane miliyan ɗaya. Zuwa zurfin santimita 10 da dawowa, sautin miliyan 3.5 zai ragu kusan sau 3,000, na miliyan 10 kuwa sau biliyan 10. Don haka wuya da nono da jijiyoyin kusa da fata na mai yawan kaɗawa ne, hanta da ƙoda da ɗan tayi na mai ƙarancinta.

Abin sha'awa a sikanin shi ne yadda kurakuransa ke zama shaida. Tsakuwa a matsarmama na tare sauti, sai baƙar inuwa ta miƙe a bayanta, da inuwar ake tabbatar da ita. Ruwa ba ya cin sauti, don haka abin da ke bayan ƙullin ruwa yana fitowa da haske fiye da maƙwabtansa, da haka ake bambance shi da ƙari mai nama. Saboda wannan ake cewa a cika mafitsara kafin duba mahaifa ta saman ciki: tana ture hanji gefe, ta ba sauti hanya. A awon gudun jini kuwa, wanda ya dogara da abin da Christian Doppler ya bayyana a 1842, kusurwa ce komai. In sauti ya sari jijiya a miƙe, digiri 90, na'ura za ta ce jini ba ya motsi ko da yana gudu. Ƙa'ida ita ce kada a haura digiri 60. A nan kuskuren digiri 5 na kawo kuskuren kashi 15 ko ɗan fiye a awon gudu, a digiri 80 kuwa kuskuren kan kai rabi.

MRI ta fi su wuyar fahimta, amma zarenta ɗaya ne: haidirojin, wanda ya cika ruwa da kitsen jiki. Furoton ɗin da ke tsakiyarsa ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. In aka sa mutum cikin babban maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5, wato kusan sau 30,000 na maganaɗisun duniya, furoton na yin juyi sau miliyan 42.58 a sakan ga kowace tesla, kusan miliyan 64 ke nan. Waɗanda suka bi fuskar maganaɗisun sun ɗara masu saɓa masa da 'yan ƙalilan kawai, kamar biyar a cikin miliyan, daga wannan 'yar rara duk hoton yake fitowa. Sai a aika igiyar rediyo mai daidai wannan kaɗawa ta karkatar da su, a kashe, a saurari siginar da suke bayarwa yayin komawa.

Komawar iri biyu ce. T1 shi ne lokacin da suke ɗauka su sake miƙewa: kitse kimanin milisakan 250, wato kwatan sakan, ruwan ƙwaƙwalwa kusan 4,000. T2 shi ne lokacin da juyinsu ke rarrabuwa sigina ta mutu, a ruwa yana daɗewa, a jijiya nan da nan ne. In aka riƙa buga igiyar rediyon duk milisakan 500 ana saurare bayan 15, kitse ya riga ya farfaɗo ya fito fari, ruwa baƙi. In aka jira sama da 2,000 tsakanin bugu aka saurara bayan 100, ruwa ne kawai ya rage da murya, ya fito fari. Yawancin cututtuka na tara ruwa a nama, don haka a irin wannan hoto suke haskawa. Lafiyayyar jijiyar gwiwa baƙa ce wuluk, in ta tsinke ruwa ya shiga, sai a ga fari ya ratsa ta.

Sanin inda sigina ta fito aikin wasu naɗaɗɗun wayoyi uku ne da ke sa ƙarfin maganaɗisu ya ɗan bambanta daga wuri zuwa wuri, ta yadda kowane wuri zai yi kaɗawarsa daban. Paul Lauterbur ya nuna haka a 1973, Peter Mansfield ya gano yadda za a hanzarta shi, suka sami Nobel a 2003. Kunna su da kashe su cikin sauri ne ke sa su bugun da kan haura desibel 100, don haka toshe kunne wajibi ne. Ana tara bayanin layi-layi: layi 256, kowane rabin sakan, ya haura minti biyu. Kowane layi na da hannu a cikin hoton gaba ɗaya, shi ya sa haɗiyar yawu guda a tsakiyar ɗauka kan bar fatalwar wuya a jere a faɗin hoton. Siginar kuma rarrauna ce ƙwarai, ɗakin lulluɓe yake da jan ƙarfe don tare igiyoyin rediyo na waje. Ƙofa in ba ta rufu da kyau ba, zane ya ratsa hoton.

Maganaɗisun wayar niyobiyam da titaniyam ce da aka sanyaya da ruwan hiliyam zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, inda lantarki ke zagayawa ba tare da turjiya ba. Ma'anar haka ita ce ba ya mutuwa, ko da dare, ko an ɗauke wuta. Tukunyar iskar oksijin, almakashi, keken mara lafiya, duk yana fizgo su da ƙarfin da hannu ba ya iya riƙewa, kuma jan yana ƙaruwa ne farat ɗaya a dab da bakin ramin, ba ya ba da gargaɗi. Tambayoyin da ake yi kafin shiga, kan na'urar bugun zuciya, ƙarfen da aka ɗaure jijiyar ƙwaƙwalwa da shi, ko ɓarɓashin ƙarfe a idon mai walda, kowace tana da rai a bayanta. Ƙuna ma na faruwa, domin igiyar rediyo na zuga lantarki a duk abin da ya yi zobe: wayar da ta naɗe a kan fata, hannaye biyu a harɗe, ko cinyoyi da suka taɓa juna ba tare da matashi a tsakani ba.

Akwai maɓallin kashe maganaɗisun, amma ba a taɓa shi sai ƙarfe ya danne mutum ko gobara ta tashi. Dannawar na tafasa hiliyam ɗin cikin ƙanƙanin lokaci, yawancin na'urori na ɗauke da fiye da lita 1,000, kuma kowace lita na zama iska sama da lita 700. Bututu ne ke fitar da ita waje. In ya toshe ko ya ɓalle, iskar ta cika ɗakin ta kore oksijin, matsinta kuma na iya danne ƙofar da ke buɗewa ta ciki, don haka ana duba bututun a kai a kai, kuma ana sa na'urar auna oksijin a ɗakin.